Ƙugiyar da Ba Ta Fito Ba

Daga gida

Dogo,

Gaisuwa mai yawa daga ni da Baba. Ina fata kana lafiya, kuma ciwon bayan nan da ka ambata ya sake ka. Mu nan alhamdu lillahi. Ni dai ban da idanuna da suka fara gardama da baƙin zare, ba ni da wani kuka. Baba yana ci, yana barci. Ɓarin jikinsa na dama yana nan yadda ka bar shi, bakin ma bai dawo ba. Likita ya ce mu daina sa rai da maganar, mu gode wa Allah da ya bar masa hannun hagu.

To, hannun hagun ne ya sa na rubuto. Ka san tun da ciwon ya same shi, tsohuwar kwamfutarsa ta tebur ita ce bakinsa. Da safe in tura kekensa gaban tebur, in kunna masa, ni kuma in hau keken ɗinkina a ƙofar ɗaki. Gida mai keke biyu ke nan, kuma babu mai zuwa ko'ina. In yana son abu sai ya bubbuga tebur da zobensa, in taso in karanta. "Ruwa." "Ƙafata ta yi sanyi." "Rediyon maƙwabta ya dame ni." Jiya cewa ya yi wai rigar da nake ɗinka wa matar mai kanti, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na auna, haka ne kuwa. Na ce Baba, ka yi ritaya daga maɗaba'a amma duba kuskuren mutane ya ƙi yin ritaya daga gare ka. Ya yi dariyar nan tasa ta rabin fuska.

Amma kwamfutar ta tsufa, Dogo. Kafin ta tashi da safe sai na gama shara na ɗora ruwa. Fankar cikinta tana kuka kamar injin niƙa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, ta fara ɗaukewa a tsakiyar magana. Shekaranjiya ya fara rubuta "ina jin", sai allon ya yi baƙi. Na tsaya a kansa ina tambaya, kana jin me, Baba? Zafi? Yunwa? Fitsari? Yana kallona, leɓensa na motsi, ba abin da ke fita. Da ta dawo sai ya rubuta "bari kawai". Na shiga kicin na yi kukana na fito.

Na kira mai gyaran nan na bayan kasuwa. Ya buɗe akwatin, ya kakkaɓe cikinsa, ya ce ba mutuwa ta yi ba, gajiya ce. Wai in an ƙara mata ƙwaƙwalwa, aka canza rumbun da take ajiya a ciki, aka kwashe duk abin da ke tsohon aka zuba a sabon, za ta ƙara shekaru. Ni ban san kan waɗannan abubuwa ba, kai ne injiniya. A gyara ko yaya? Ka ba direban motar kayanku amsa in zai juyo, tunda wayarka sai ka hau tudu take kamawa, ita ma rabin magana take kawowa. Abin da nake tsoro ɗaya ne: ranar da za ta ɗauke ta ƙi dawowa, Baba ya zama ba shi da baki ke nan.

Ga saƙonsa na buga maka a firinta. Wasiƙarka ta baya ce ya duba, sai ka shirya.

"Ka rubuta kasa sau biyu inda kake nufin ƙasa. Wanda ya kasa daban, ƙasar da yake takawa daban. Mai gina gada bai kamata ya riƙa manta ƙananan abubuwa ba. Ka kula da kanka."

Yayarka

Daga bakin kogi

Yaya,

Wasiƙarki ta same ni lafiya. Bayan ya yi sauƙi, sai dai sauro, wanda a nan shi ne shugaban aiki. Ki gaishe da Baba, ki ce masa na karɓi gyara. Ga ni yau ina rubutu ina bin ƙugiyoyin haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Tun ina firamare nake shan jan biron mutumin nan, ban san ranar da zan ci jarrabawarsa ba.

Maganar kwamfuta, don Allah kada ki bari a yi mata faci. Na san irin gyaran nan. Yau a canza wannan, gobe wancan ya mutu, jibi mai gyara ya ce ai dama bai yi alkawari ba. Abin da mutum yake magana da shi ba a yi masa kwaskwarima. Tun ina makaranta kwamfutar nan take kan teburin, ta yi iya yinta. Akwai abokin aikinmu da ƙaninsa ke da shagon kwamfuta, na yi magana da shi, mun gama komai, ke dai ki buɗe ƙofa. Sabuwa ce fil, allonta faffaɗa, Baba ba sai ya matso da fuska ba. Kafin ki ɗauki tsintsiya ta tashi, kuma ba za ki ji motsinta ba. Tsohuwar zai tafi da ita, tana cikin cinikin, ɗakin ma ya huta da tarkace.

Ki bar ni in yi wannan, Yaya. Ke ce ɗagawa, ke ce wanka, ke ce komai. Ni daga nan abin da hannuna zai iya kaiwa ke nan. Tun da na karanta inda kika ce yana zaune gaban baƙin allo da kalma a bakinsa, abinci ya daina yi mini daɗi.

Aiki yana tafiya. Ginshiƙan gadar sun tsaya, saura shimfiɗar sama. Hutu ba zai samu ba sai mun zuba ta, kuma so muke mu gama kafin kogin ya cika. Wani lokaci in na tsaya a bakin ruwa da yamma sai in ce ina ma Baba zai zo ranar buɗewa, in tura kekensa daga wannan gaɓa zuwa waccan, ya duba da kyau ya gaya mini inda na yi kuskure. Ki karanta masa wannan wurin.

Ƙaninki, Dogo

Daga gida

Dogo,

Muna gaishe ka. Lafiyata ƙalau. Jikin Baba ba laifi, amma ba zan ɓoye maka ba, gidan ba daɗi.

Kayanka sun iso. Mai shagon da kansa ya kawo, mutum mai fara'a da saurin hannu. Ya jona wayoyi, ya ɓare ledar allo, ya nuna mini inda ake kunnawa. Kyau kam tana da kyau, har maƙwabciya ta leƙo ta ce ɗakin ya koma banki. Da ya tashi ɗaukar tsohuwar, Baba ya ɗora hannunsa a kan akwatin. Na ce Baba, ai ta gaji, ga wadda Dogo ya aiko maka. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba, mutumin yana tsaye yana murmushi yana duba agogo. Daga baya ya ɗauke.

Bayan ya tafi na tura Baba gaban tebur. Ya buga wasu haruffa, ya ƙura wa allon ido, ya goge. Ya sake bugawa, yana danne wani maɓalli na gefe da babban yatsa yadda ya saba yi a tsohuwar, ya duba, ya goge. Yana cikin haka wata ta zo awo na fita. Da na dawo ya ture kibod ɗin gefe, ya juya fuskarsa bango.

Tun ranar bai rubuta ko harafi ɗaya ba. Kullum ina kunna ta, tana tashi nan take kamar yadda ka ce, farin shafi yana jiransa, shi kuma yana kallon taga. Na yi lallashi, na yi faɗa. Har takarda na rubuta masa da gangan cike da kurakurai na ajiye a cinyarsa, ko zai harzuƙa ya gyara. Ko gezau. Na ce maɓallan ne suka yi laushi? Hasken ne ya yi yawa? Sai ya rufe ido. Na koma shagon in roƙa a dawo da tsohuwar ko na ɗan lokaci, mutumin ya ce ai tuni an farke ta an raba kayan cikinta.

Yanzu mun koma lalube. In ɗaga kofi, in ɗaga bargo, in nuna banɗaki, shi kuma ya lumshe ido ko ya kau da kai. Mutumin da ya yi shekaru yana gyara wa marubuta jimla, yau da lumshe ido yake neman ruwa. Gidan ya yi tsit. Kukan fankar nan da nake tsine wa kullum, yanzu nemansa nake yi.

Na karanta masa maganar gada. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya karɓi takardar ya riƙe.

Ban ce laifinka ba ne. Kuma ba zan ce maka ka zo ba. Ka san hanyar gidanku, ban taɓa roƙonka ba, ba kuma yau zan fara ba.

Yayarka

Daga bakin kogi

Yaya,

Na gaishe ku. Ina lafiya, sai gajiya.

Ki ƙara haƙuri da shi. Kin san Baba da sabon abu, takalmi ma sai ya daɗe yana hararar sa a bakin gado kafin ya sa ƙafa. Fushi ne, zai huce. Kada ki kashe ta, ki bar masa shafin a buɗe. Ranar da wani ya yi kuskure a gabansa wanda ba zai iya haɗiyewa ba, da kansa zai jawo kibod ɗin.

Mun fara zuba shimfiɗa. An sa ranar buɗe gadar, kuma an ba kowannenmu kujera biyu na iyali. Na rubuta sunan Baba a ɗaya. Na san shirme ne, amma na kasa barin wurin babu kowa. Ki nuna masa kalmar kasa ɗin nan da na rubuta, ki ce masa na duba, ba mai ƙugiya ba ce. Ki kuma gaya masa maganar kujerar.

Ruwa ya fara sauka sosai a nan. In kin ji shiru, motar ce ta maƙale.

Dogo

Daga gida

Dogo,

Gaisuwa. Ni lafiya. Baba yana tari, ya kuma rame. Likita ya zo ya canza magani.

Yau da hantsi ina kan keke sai na ji zobe a kan tebur. Na ɗauka kunnena ne. Na taso na tarar ya jawo kibod ɗin da kansa, ya riga ya rubuta. Ya daɗe yana kallon abin da ke allon, yatsansa a kan maɓallin gogewa. Bai goge ba. Ya nuna firinta, sannan ya nuna ambulan da na rubuta sunanka a kai.

Kalma biyu ce. Ga takardar nan yadda ta fito. Ba sai na ƙara komai a kai ba.

dana zo

Yayarka

Daga bakin kogi

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Baba gaisuwa ta musamman. Ni ƙalau.

A tsaye na buɗe takardarsa a bayan mota, sai da na nemi wuri na zauna. Kin gani ko, na ce miki zai huce. Kalmomin kaɗan ne, amma ban taɓa samun saƙo daga gare shi da ya shige ni kamar wannan ba. Na ninke ta na sa a aljihun gaba, tana nan ko ina kan aiki.

Ki ce masa na gane. Ki ce masa ya cire maganar zuwa daga ransa gaba ɗaya, kada ta dame shi. Tafiyar da nisa, hanyar yanzu duk taɓo ce, mota kwana take yi a daji, ba abin da zai sa a ɗauki wannan wahala. Ba wani abin gaggawa ba ne. In ruwa ya ja, aiki ya ƙare, ai muna tare. Zan ɗauki hotunan gadar ta kowane gefe in kawo masa.

Ki kula da tarin nan, ki riƙa rufe tagar da yamma. Tunda ya fara, duk abin da ya rubuta ki aiko mini, ko da faɗa ne. Faɗan ma na yi kewarsa.

Ƙaninki, Dogo

Daga gida

Injiniya,

Ina fata kana lafiya, kai da gadarka.

Baba ya rasu. Na yi ta kiran wayarka ba ta shiga. Na je ofishinku na cikin gari, suka ce motar ba ta iya ƙetarewa sai ruwa ya ja, don haka ban san ranar da wannan za ta same ka ba. An kai shi makwancinsa. Maƙwabta da tsofaffin abokan aikinsa na maɗaba'a su suka tsaya a kan komai. Bai sha wahala sosai ba a ƙarshe. Ina riƙe da hannun hagun.

Wasiƙarka ta riga ta iso kafin nan, ita ce ta ƙarshe da motar ta kawo. A bakin ƙofa na karanta ta, na sake, na sake, ina neman layin da na tsallake. Babu shi.

Ka san mutumin nan. Bai taɓa roƙon kowa komai ba, ko gishiri ne a ƙarshen tebur sai dai ya miƙe ya ɗauko. Ya yi makonni bai ce ruwa ba, bai ce zafi ba. Ranar da ya buɗe baki, kai ya kira. Ya ce ɗana, zo. Ni da nake ɗaga shi ina kwantarwa bai taɓa ce mini 'yata ba, kuma wallahi ban ji haushi ba, daɗi na ji. Na ce yau dai Baba ya sauko. Kai kuma ka ce hanya taɓo ce. Ka ce ba abin gaggawa ba ne. Ka ce za ka kawo hotuna.

Ba na son amsa. Kwamfutarka tana nan, na lulluɓe ta da zane. In kana so a mayar wa mai shagon, ka gaya wa direba.

Yayarka

Daga bakin kogi

Yaya,

Ban san yadda ake gaisuwa a irin wannan wasiƙa ba. Allah ya jiƙan Baba, ya ba ki ladan abin da kika yi masa. Kin ce ba kya son amsa. Ki yi haƙuri ki karanta ko sau ɗaya ne, daga nan in kin so ki yaga.

Motar ta samu shigowa jiya. Na karanta wasiƙarki har inda kika rubuta ɗana, zo. Na ciro takardar daga aljihuna na duba. Yaya, ba haka na karanta ba. Na rantse da Allah ba haka na karanta ba.

Abin da na gani shi ne: da na zo. Wato da ina da lafiya, da na zo buɗe gadarka. Wasiƙata ta kafin nan maganar kujera ce, na ɗauka ita yake amsawa. Na ɗauka hannunsa ne ya yi rawa ya manne kalmomin biyu wuri ɗaya. Duk abin da na rubuta, nisa, taɓo, wahala, shi nake hana wa tafiya, ba kaina nake wankewa ba. Tausayinsa nake ji, ina ganin tsoho a kan keke yana ba ni haƙuri don bai samu zuwa ba.

Da wani ne ya rubuto, direba ko mai shago ko ni kaina, da na yi tunani sau biyu, don kowa yana zubar da ƙugiya. Amma Baba? Mutumin da ya taɓa mayar wa abokinsa katin gayyata saboda ƙugiya ɗaya? Na dubi harafin nan miƙaƙƙe, ko a raina ban kawo cewa wani abu ya ɓace a kansa ba. Na yarda da rubutunsa fiye da yadda na yarda da awon da nake yi da hannuna. Kuma gaskiya, kalmar ba ta cikin abin da kunnena ya saba ji. "Kai" yake ce mini, in ransa ya yi fari ya ce Dogo. Ban san yana da ita a bakinsa ba.

Da na gane, da ƙafa zan taho, ko kogin zai tafi da ni.

An ɗage buɗe gadar saboda ruwa, ni ko a jikina. Shugaban aiki ya ba ni hutu. Jakata a ɗaure take a bakin gado, direba ya yi ta danna mini oda da safe, na kasa fitowa. Da wane ido zan shiga ɗakin nan? Da wane ido zan dube ki?

Abu biyu nake roƙo. Na farko, me ya hana ƙugiyar fitowa? Na biyu shi ne wanda yake ci na: da kika karanta masa wasiƙata, me ya yi? Ya tafi yana ganin ya kira ni na ƙi? Ki gaya mini gaskiya ko da mai ɗaci ce.

Ƙaninki

Daga gida

Dogo,

Na gaishe ka. Ina nan, ina ci ina sha, masu kawo ɗinki sun fara dawowa.

Na karanta wasiƙarka, sannan na ɗauko ta bayan na sake bin ta da idonka. Kowane layi ya juya. Na zauna a ƙasa cikin ƙyallaye na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar.

Washegari na kira mai gyaran nan na bayan kasuwa, na yaye zanen, na ce ya buga mini ɗa. Ya danna nan, ya danna can, da ce ke fitowa. Ya ce ai tsohuwar akwai wani ɗan tsari da Baba ya sa mata tun yana maɗaba'a, in ka danne maɓallin gefe ka buga harafi sai ya fito da ƙugiyarsa. Sabuwa ba ta zuwa da shi, sai an sa mata. Na ce sa shi da wahala? Ya ce a'a. Na zuba masa shayi, kafin ya huce har ya gama. Na so ya daɗe, Dogo. Na so ya ce sai an kai ta wani gari, sai an yi wata ana fama. Ya tambaye ni ko akwai wani abu kuma, na ce babu.

Ashe abin da Baba yake gogewa ke nan. Ina tsaye a bayansa ina kallon hannunsa, ban kalli allon ba. Na yi ta tambayar kaina me ya hana shi rubuta mini cewa harafi bai cika ba, jimlar da ba ta buƙatar ƙugiya ko ɗaya. Girman kai yana ciki, ka san shi. Amma ina jin ba shi kaɗai ba ne. Wasiƙar da ka yi maganar sayen, gaba ɗaya na karanta masa, har inda ka ce abin da hannunka zai iya kaiwa ke nan. Duk duniya ba wanda bai nuna wa kuskurensa ba, amma abin da ka aiko ya ƙi ya ce yana da aibi. Ya gwammace ya yi shiru. Da ya ga lokaci ya ƙure, sai ya rubuta kalmar a gurgunce ya bar ta haka. Na ga yatsansa a kan maɓallin gogewa, yanzu na san abin da ya haɗiye kafin ya ɗauke shi.

Ni ma da nawa. Ranar da na aiko maka takardar, likita ya tsayar da ni a ƙofa ya tambaya ko Baba yana da wasu 'ya'ya a nesa. Na san abin da yake nufi, amma na rubuta maka tari. Na ce ba zan roƙe ka ba, na riƙe maganata, ga inda ta kai mu.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ban karanta masa ba.

Ya ji tsayuwar mota, ya san wasiƙa ta zo. Da na shigo idonsa yana kan hannuna. Na buɗe takardar, na dubi layin taɓon nan, bakina ya ƙi. Sai na ce, Baba, ya ce yana hanya, ruwa ne ya tsare mota. Ya lumshe ido. Sannan ya bubbuga hannun kekensa, ya nuna ƙofa. Tun daga ranar bai yarda a juya shi wajen tebur ko taga ba, sai ƙofa. Ya sa na gyara masa fuska, na sa masa farar rigarsa. Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya ɗaga kai. In ta wuce ba ya ɓata rai, sai ya dube ni, in ce ruwa ne, Baba, ya gyaɗa kai. Abinci ma ya ɗan ƙara ci a kwanakin. Bai tafi yana ganin ka ƙi ba. Ya tafi yana ganin ka kusa.

A lokacin na ɗauka asirinka nake rufawa, ina faɗa ina jin haushinka. Yanzu kuma duk sanda na wuce ƙofar nan sai in ji maganar tana nan a wuyana, ban sauke ba. Ni ce na ce masa kana hanya. Ka ɗauki jakar nan ka hau mota, Dogo. Kada ka bar maganata ta zauna ƙarya.

Yayarka